Tulsidas: Almajirin Banaras Da Ya Mayar Da Labarin Rama Harshen Talakawa

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya, kuma kusan dukkanmu haka muka taso, ya saba jin sunan Ram. Tsohuwa ta yi tuntuɓe sai ta kira Ram, ƙauyawa su haɗu a hanya su gaisa da Ram Ram, a ɗauko gawa ana tafiya ana ambaton Ram. Da yawa cikinmu sun kalli Hum Saath-Saath Hain na shekarar 1999, inda ƙawaye suka zuga uwa ta nemi kawar da ɗan mijinta daga shugabancin kamfanin gidan, ƙaninsa kuma, wato Salman Khan, ya ƙi hawa kujerar yayan nasa. To wannan labari ya girmi fim da dubban shekaru. Daga Ramayana aka ɗauko shi, ɗaya daga cikin manyan waƙoƙin tarihi guda biyu na mabiya addinin Hindu. Mutumin da ya sa wannan labari ya shiga bakin manomi da mai wanki da tsohuwar ƙauye a arewacin Indiya shi ne Tulsidas, wanda ya rasu a 1623.

Kafin wani ya tare ni a bakin ɗakin lakca, bari in faɗi matsayina. Ni musulmi ne. Abin da Hindu suka gaskata game da Rama, cewa abin bautarsu Bishnu ne ya sauko a siffar mutum, ba imanina ba ne, kuma na san ba imanin 'yan uwanmu Kirista ba ne. Amma mutane fiye da biliyan ɗaya ke bin wannan addini, muna cin kasuwa da su, muna zuwa asibitocinsu, muna kallon finafinansu dare da rana. Sanin abin da ya gina tunaninsu game da alƙawari da mulki da zumunci ba zai rage mana komai ba.

Tarihin Tulsidas ya zo mana ta hanya biyu. Akwai ɗan abin da shi kansa ya faɗa a cikin waƙoƙinsa, akwai kuma tarin labaran da masoyansa suka ƙara bayan mutuwarsa, musamman wani marubuci Piriyadas da ya yi rubutu a 1712. Zan riƙa nuna wanne ne wanne. Shekarar da aka fi ambata ta haihuwarsa ita ce 1532, wasu masana kuma suna cewa 1543. Garuruwa biyu ke jayayya a kan mahaifarsa, Rajapur da ke bakin kogin Yamuna da kuma Soron, dukansu a jihar Uttar Pradesh ta yau. Ko ma wanne ne, ya zo duniya 'yan shekaru bayan Babur ya kafa daular Mogul a 1526, ya kuma yi mafi yawan rayuwarsa a ƙarƙashin sarakuna musulmi.

Ɗan gidan Barahmin ne, wato ajin malaman addini, aji mafi girma a tsarin asalin Hindu. Sai dai asalin bai ba shi tuwo ba. Masu labari sun ce an haife shi ƙarƙashin wani tauraro da bokayen taurari ke ganin yana jawo wa uba mutuwa, shi ya sa aka rabu da shi tun yana jinjiri. Shi kansa, a cikin littattafansa Kabitabali da Binaya Patrika, ya tabbatar da cewa uwa da uba sun yar da shi, ya yi yawon bara gida gida, ana korarsa, har 'yan ƙwayoyin wake da aka jefa masa yake gani kamar wata babbar dukiya. Mu da muke ganin yara da robar bara a ƙofar makarantar nan kullum, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sunan da ake kiransa da shi a lokacin Rambola, ma'ana mai faɗin Ram, mai yiwuwa don da sunan yake bara.

Wani malami mai yawo, wanda al'ada ta kira Narharidas, shi ya tsince shi. Tulsidas ya rubuta cewa daga bakin malaminsa ya fara jin labarin Rama a wani wuri da ake kira Sukarket, kuma ƙuruciya ta hana shi fahimta, sai da malamin ya yi ta maimaita masa. Daga nan ya tafi Banaras, birnin da ke bakin kogin Ganga, wanda shi ne cibiyar ilimin Hindu, ya shafe shekaru yana karatun harshen Sanskirit da nahawu da falsafa. Ku riƙe wannan, domin zai yi amfani a gaba: mutumin ya iya Sanskirit sosai, har baitocin buɗe kowane babi na babban littafinsa da shi ya tsara su.

Labarin aurensa kuwa, wallahi sai ka ce fim. An ce ya auri wata mai suna Ratnabali, ya kamu da sonta har ba ya iya kwana ɗaya ba tare da ita ba. Wata rana ta tafi ganin gida ba ya nan. Da ya dawo cikin dare, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ya bi ta. Kogi ya cika, babu mai fito, sai ya kama wani abu da ke yawo a ruwa ya haye, ashe gawa ce. Ya isa gidan surukai an rufe ƙofa, ya kama wata igiya da ke reto ya hau bene, ashe maciji ne. Maimakon ta yi murna, sai kunya ta kama matar, ta yi masa faɗa, ta nuna masa cewa da rabin son da yake yi wa jikin da ƙarshensa ƙashi da fata ne ya ba ubangijinsa, da tuni ya tsira. An ce a daren ya juya, bai sake zaman aure ba. Wannan yana cikin labaran da aka ƙara daga baya, kuma Indiyawa suna son sa ƙwarai. Ni dai kullum abin da ke tsaya mini a rai shi ne ita Ratnabalin. Ta faɗi gaskiya guda ɗaya, miji ya tafi ya zama waliyyinsu, ita kuma aka bar ta a gidan iyaye. Masu ba da labarin ba su cika tsayawa a kanta ba.

Ya yi yawo a wuraren da ke da alaƙa da Rama, irin su Citrakut da Ayodiya. A Ayodiya ne, a shekarar 1574, ya fara rubuta Ramcaritmanas. Wannan shekara tabbatacciya ce, don shi da kansa ya sa ta a cikin waƙar, da wata da rana, bisa ƙidayar kalandarsu. Ma'anar sunan ita ce tafkin ayyukan Rama, ya kuma kasa littafin babi bakwai, kamar matakala bakwai da ake bi a sauka cikin ruwan.

Labarin ba sabo ba ne. Ramayana ta asali, wadda ake danganta wa Balmiki, tana da baiti wajen 24,000 kuma ta riga Tulsidas da fiye da shekara dubu ɗaya da ɗari biyar. Amma da Sanskirit take, harshen da sai wanda ya yi shekaru a gaban malami yake ji. Mata da 'yan ƙananan aji kuwa, yawancinsu ba su ma da hanyar zama gaban malamin. Sai Tulsidas ya ajiye harshen manya, ya ɗauki Awadi, karin harshen da ake ciniki da faɗa da rarrashin yaro da shi a yankin. Wani abin da ya ba ni sha'awa shi ne, waɗanda suka riga shi goge wannan harshe a doguwar waƙa sufaye ne musulmi. Maulana Daud ya yi Candayan a 1379, Malik Muhammad Jayasi ya yi Padmabat a 1540, dukansu da Awadi, kuma da irin ma'aunin baitocin da Tulsidas ya zo ya yi amfani da shi. Har kalmomin Larabci da Farisanci suna nan birjik a waƙoƙinsa. Yana kiran Rama sahib, kalmar da mu ma muke da ita a sahibi, yana kuma kiransa da laƙabin Farisanci mai nufin mai tausayin talaka.

A nan dole mutum ya tuna da gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ɗan uwansa Abdullahi sun iya Larabci har sun wallafa littattafai da shi, amma da suka so saƙo ya isa ga makiyayi da matar kulle, sai aka koma waƙa da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi, jajis suka ɗauka suka kai ƙauyuka wajen 'yan taru. Dabarar ɗaya ce. Mu kuma ga mu nan, shekara biyu muna haddace bayanin janareto da siminti da lissafin kuɗi da Turanci, amma a cikinmu mutum nawa ne zai iya zama da bakanike a gareji ya warware masa abin da ya koya da Hausa tsantsa har ya gane? Na bar mana wannan.

Ga labarin a taƙaice ga wanda bai sani ba. Dasarata, sarkin Ayodiya, yana da mata uku da 'ya'ya huɗu: Rama, Barata, Lakshman da Shatrugna. Ya tsufa, ya yanke shawarar naɗa Rama. Ana gobe naɗi, wata baiwa mai ƙusumbi, Mantara, ta shiga ɗakin Kaikeyi, mahaifiyar Barata. Da farko Kaikeyi murna ta yi da jin labarin, don tana son Rama. Mantara ta zauna ta yi ta saƙa mata magana, ta nuna mata cewa daga gobe ita da ɗanta bayin kishiya ne, har zuciyarta ta juya. Can baya sarki ya taɓa yi wa Kaikeyi alƙawarin biya mata buƙata biyu duk ranar da ta nema. Ta nema a daren: a naɗa Barata, a kuma kori Rama daji shekara 14. Rama ya karɓa ba musu don kada mahaifinsa ya zama mai saɓa alƙawari. Matarsa Sita da ƙaninsa Lakshman suka bi shi. Baƙin ciki ya kashe sarki. A daji Rabana, sarkin Lanka mai kai goma, ya sace Sita. Rama ya haɗa kai da rundunar birai, cikinsu har da Hanuman, aka gina gada a kan teku, aka yi yaƙi, aka kashe Rabana, aka dawo gida.

Finafinai sun fi son yaƙin. Amma masu karanta Tulsidas da yawa suna ganin babi na biyu, na rikicin gidan sarauta, shi ne zuciyar littafin, kuma ina tare da su. A can ne Barata yake. Yana gidan kakanninsa aka yi duk wannan ƙulli, bai sani ba. Ya dawo ya tarar uba ya mutu, yaya yana daji, gadon sarauta yana jiransa, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙwace, don umarnin sarki ne. Malaman fada suka ce ya hau, har mahaifiyar Rama ta ce ya hau. Ya ƙi. Ya ɗebi mutanen gari ya bi yayansa har Citrakut, ya sauka daga abin hawa yana tafiya a ƙasa saboda Rama ma a ƙasa ya bi hanyar. Da Lakshman ya hango ƙura da runduna sai ya zaci yaƙi aka kawo musu, ya ɗauki baka. Ka ga yadda zato yake, ko a cikin 'yan uwa. Aka zauna taro, wa da ƙani kowa yana tura wa ɗan uwansa mulki. Da Rama ya ƙi komawa, sai Barata ya karɓi takalmansa na katako, ya kai ya ɗora a kan gadon sarauta, shi kuma ya koma wani ƙauye, Nandigram, yana sanye da tufafin masu gudun duniya, yana tafiyar da ƙasa a matsayin wakili. Shekara 14 cif. Ranar da wa'adi ya cika ya miƙa.

Mu 'yan Afirka da muka ga shugabanni suna gyara tsarin mulki don ƙarin wa'adi, mun san nauyin wannan. Ba ma sai an je fadar shugaban ƙasa ba. Ku dubi yadda ake yi idan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya zo, ko ma na ƙungiyar sashe: abokai su daina gaisawa, a yi ta yaɗa ƙarya a WhatsApp, wanda aka ba riƙon ƙwarya na wata biyu ya nemi hanyar da zai zarce. Kujerar da ba ta wuce shekara ɗaya ba fa. Kuma kowace tawagar kamfe tana da Mantararta, mai shiga ɗaki da daddare ya ce maka wane yana zaginka.

Akwai wurin da ban yarda da labarin ba, shi ne alƙawarin Dasarata. Hindu suna ɗaukar gidan a matsayin misalin waɗanda rai zai fita amma maganarsu ba ta tashi. Abin burgewa ne, musamman a ƙasar da ɗan siyasa zai rantse da safe ya warware da yamma. Amma alƙawarin da cika shi zai zalunci wani wanda ba shi ya ɗauka ba, anya ya cancanci cikawa? A abin da aka koya mana, wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga cika ta saɓo ne, sai ya warware ya yi kaffara. Dasarata ya tsare sunansa, ɗansa da surukarsa da talakawan gari suka biya kuɗin. Abin da ya fi kama ni shi ne halin Rama ga Kaikeyi. A rubutun Tulsidas, da ya dawo bayan shekara 14, ya lura kunya ta rufe ta, sai ya fara shiga ɗakinta kafin na kowa. Wanda ya tashi a gidan kishiyoyi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai batun asali, inda Tulsidas yake da fuska biyu. A gefe guda ya ba talakawa wasu daga cikin wurare mafi daɗi a littafin. Akwai mai fito a kogin Ganga da ya ƙi ɗaukar Rama sai ya wanke masa ƙafa, wai ya ji labarin ƙurar ƙafarsa ta taɓa mayar da dutse mace, shi kuwa da jirgin nan yake ciyar da iyali, idan ya zama mace ina zai sa kansa. Wayo ne na mai son ya taɓa ƙafar wanda yake ƙauna, kuma da aka haye ya ƙi karɓar ladan fito. Akwai Shabari, tsohuwa 'yar daji daga ƙasƙantaccen aji, wadda Rama ya ci abincinta ya kuma nuna mata cewa a wurinsa ƙauna ce dangantaka, asali da dukiya ba su da nauyi. Akwai inda babban malamin fada ya rungume Guha, shugaban masunta, mutumin da a al'adarsu ko inuwarsa ake gudu.

A ɗaya gefen kuma, littafin nan dai yana ɗaukaka Barahmin ko da ba shi da hali, yana lissafa zamanin da ɗan ƙaramin aji zai yi jayayya da malami a cikin alamun lalacewar duniya. Akwai wani baiti a babi na biyar da ya haɗa mace da ɗan ƙaramin aji da dabba a sahun waɗanda sai da horo. Masu kare shi suna cewa a bakin teku aka sa maganar, ba ra'ayin marubucin ba ne, wasu kuma suna fassara kalmar da wata ma'ana mai sauƙi. Rigimar tana nan da ranta. A watan Janairun 2023 ministan ilimi na jihar Bihar da wani ɗan siyasar Uttar Pradesh, Swami Prasad Maurya, sun soki irin waɗannan baitoci a fili, har aka ƙona wasu shafukan littafin a Laknau. Ni a ganina kariyar ba ta gamsar ba. Mutumin da ya ɗanɗani wulaƙancin bara ya iya tausayin talaka ɗaya ɗaya, amma bai iya sa hannu ya taɓa tsarin da ya mayar da su talakawa ba. Kafin mu yi masa dariya dai, mu tambayi kanmu aure nawa aka fasa a unguwanninmu don an gano kakan yaro mahauci ne ko wanzami ko maƙeri, alhali kullum muna karanta cewa mafi daraja shi ne mafi tsoron Allah.

Rabana kuwa ba jahili ba ne. Jikan babban malami ne, masani, mai tsananin ibada ga abin bautarsa Shiba. Matarsa Mandodari ta yi masa nasiha ba sau ɗaya ba, ya yi dariya. Ƙaninsa Bibishana ya ce ya mayar da matar mutane, ya sa ƙafa ya shure shi a gaban fada. Kai goma, kunne ashirin, ko ɗaya ba ya jin magana.

Wani abin lura shi ne abin da Tulsidas ya cire. A Ramayana ta Balmiki, bayan an dawo gida, tsegumin mutanen gari ya sa Rama ya kori Sita daji tana da juna biyu, duk da ta riga ta shiga wuta ta fito lafiya don tabbatar da tsarkinta. Wannan wuri ya daɗe yana damun Indiyawa da kansu. Tulsidas bai sa korar a Ramcaritmanas ba sam. Har satar ma ya sassauta ta: ya bi wata ruwaya da ta ce Sita ta gaskiya an ɓoye ta a cikin wuta tun farko, inuwarta kawai Rabana ya ɗauka. Ina ganin zuciyarsa ce ta kasa ɗaukar a ce gwarzonsa ya zalunci matar da ba ta yi laifi ba, sai ya gyara labarin da alƙalami.

Malaman Banaras ba su yi masa tafi ba. A wurinsu sa labari mai tsarki a harshen kasuwa ƙasƙanci ne, kuma kada mu manta, idan kowa ya iya karantawa da kansa, abincin wani ne zai ragu. Waƙoƙinsa na baya sun nuna an tsangwame shi, ana yi masa gori kan asali, ana kiransa mayaudari. Amsar da ya bayar ita ce ba ya neman auren 'yar kowa balle a binciki danginsa, da bara yake ci, kuma ko a masallaci zai iya kwana. Masu labari sun ƙara da cewa an turo ɓarayi su sace littafin, an kuma gwada shi ta hanyar ajiye shi ƙarƙashin manyan littattafan Sanskirit a wurin bauta aka kulle, da safe aka tarar da shi a sama. Waɗannan ƙari ne, amma suna nuna yadda mutane suka tuna rigimar.

Zamanin sarki Akbar ne, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, kuma a fadarsa ma ana ta'ammali da waɗannan labarai. Akbar ya sa an fassara Mahabarata da Ramayana zuwa Farisanci a shekarun 1580. Malamin da aka ɗora wa aikin Ramayana, Abdulƙadir Badauni, ya yi shi ne ransa ba ya so, ya kuma rubuta hakan a littafinsa na tarihi. Babban kwamandan Akbar, Abdurrahim Khan-i-Khanan, wanda shi ma mawaƙi ne da harshen Hindi, ya sa an yi masa nasa kwafin mai zane-zane, kuma al'ada ta ce abokin Tulsidas ne. Duk da haka Tulsidas bai je fada neman abinci ba. A lokacin da mawaƙa ke samun filaye da dawaki ta hanyar wasa sarakuna, shi ya rubuta cewa ɓata baiwar waƙa ne a ƙare ta kan yabon ɗan Adam. Sojojin baka na intanet da ake saya da kuɗin data, ga naku.

Ya ƙare rayuwarsa a Banaras. Akwai wata takardar sulhu ta 1612 da ta nuna shi ya raba gardamar gado tsakanin magadan wani abokinsa mai filaye, Todar, alamar cewa zuwa lokacin maganarsa tana da nauyi a gari. Littattafai 12 ne masana suka fi yarda nasa ne. Ana kuma danganta masa Hanuman Calisa, gajeriyar waƙa mai baiti 40 da miliyoyin Hindu ke karantawa kullum, ita ce kuke ji jarumi yana karantowa a fim idan tsoro ya kama shi. Wanda ya fi burge ni a tsari shi ne Binaya Patrika. Ya tsara shi kamar takardar koke da talaka ke kai wa fadar sarki: sai ya bi ta kan masu tsaron ƙofa da fadawa ɗaya bayan ɗaya yana roƙon su sa baki, ya roƙi Hanuman, ya roƙi ƙannen sarki, ya roƙi Sita ta ambace shi idan ta ga fuskar maigida a sake, har takarda ta isa a sa mata hannu. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis zai gane hoton. A ciki ba ya yabon kansa ko kaɗan, sai tonon asirin zuciyarsa: kwaɗayi, riya, son a ce shi malami ne.

Tsufa ya zo masa da wuya. Annoba ta auka wa Banaras a zamanin sarki Jahangir, ya ga gawarwaki, ya rubuta. Shi kansa ya yi fama da matsanancin ciwon hannu da maruru, har ya tsara waƙa sukutum, Hanuman Bahuk, yana kuka da ciwon. Ya rasu a 1623 a Assi Gat, bakin kogin Ganga. Matakalar da ke kusa da inda ya zauna yau sunansa take ɗauke da shi.

Bayan mutuwarsa littafin ya yi tafiyar da shi bai yi ba. A ƙarni na 19, da Turawan Ingila suka kwashi Indiyawa 'yan ƙwadago zuwa gonakin rake a Fiji da Moris da Tirinidad da Guyana, da yawansu daga yankin Tulsidas suke, kuma labarin mutumin da aka raba da gida ya zama abin rarrashinsu. Gandi ya ɗauke shi a matsayin littafin ibada mafi girma, ya kuma ari kalmar mulkin Rama don kwatanta adalcin da yake fata. Maɗaba'ar Gita Press da aka kafa a Gorakpur a 1923 ta buga miliyoyin kwafi a farashi mai rahusa. A 1987 Ramanand Sagar ya mayar da labarin shirin talabijin, ranar Lahadi da safe tituna su yi tsit. Sai kuma ɓangare mai ɗaci. Sunan nan na Rama ya koma taken siyasa. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun masu tsattsauran ra'ayi suka rushe masallacin Babri a Ayodiya bisa da'awar cewa a kan mahaifar Rama aka gina shi, rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen 2,000, mafi yawansu musulmi. A 2019 kotun ƙoli ta ba Hindu filin, a Janairun 2024 aka buɗe wurin bauta a kai. Masallacin yana tsaye tun wajen 1528, ke nan yana nan lokacin da Tulsidas ya zauna a garin yana rubutu, kuma masana tarihi sun lura cewa Ramcaritmanas bai ambaci wata rigima a kansa ba.

Har yanzu duk shekara, wajen Satumba zuwa Oktoba, ana yin wasan Ramlila a garuruwan arewacin Indiya, wasan kwaikwayon da aka gina a kan baitocinsa, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2008. Mafi shahara shi ne na Ramnagar, tsallaken kogi daga Banaras, wanda ke ɗaukar wata guda cur. Garin gaba ɗaya ne dandalin: nan Ayodiya, can daji, can gaba Lanka, 'yan kallo suna bin 'yan wasa a ƙafa daga wuri zuwa wuri, yara maza ne ke fitowa a matsayin Rama da Sita, wasu mutane kuma suna zaune gefe suna rera littafin daga farko har ƙarshe. A daren Dasara ake cinna wa ƙaton mutum-mutumin Rabana wuta, wanda aka yi da gora da takarda. A garuruwa da dama, iyalan musulmi ne suka gaji sana'ar ƙera shi.